Mako Ɗaya a Jamus Cikin Hunturu: Yadda Za Ka Zaga Tsofaffin Garuruwa da Jirgin Ƙasa

Da zarar Nuwamba ta kama sai tambayoyin su fara zuwa. Wani zai je taro a Frankfurt, kwana biyar za su rage masa. Wata za ta duba ɗanta da ke karatu. Wasu ango da amarya ne da suke son ganin gidajen nan masu rufin ja da ake gani a hoto. Kusan kowa da jerinsa a hannu: Berlin, Hamburg, Cologne, Munich, duka a cikin mako ɗaya. Amsar da nake ba su guda ce: a yaga wannan takardar. A watan Disamba rana ba ta fitowa a kudancin Jamus sai wajen ƙarfe takwas, kafin huɗu da rabi kuma ta faɗi. Awa takwas ke nan na haske, shi ne duk jarinka. Wanda ya kashe biyar daga ciki a kujerar jirgi, tasha ya je gani, ba gari ba.

Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne masauki ɗaya, gari ɗaya kullum, kuma kowane gari bai wuce awa ɗaya da rabi ba daga inda ka kwana.

1. Tsayar da kwanakin

Hunturun Jamus kashi biyu ne, kuma ba su yi kama ba. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa 24 ga Disamba lokacin kasuwannin Kirsimeti ne: fitilu ko'ina, rumfuna, cunkoso, otal da tsada. Bayan 6 ga Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu gari yakan yi tsit, farashi ya sauko, amma a ƙananan garuruwa shaguna da gidajen abinci da yawa sukan rufe su tafi hutu. In hoto da armashi kake so, farkon Disamba. In aljihu kake tausayi, tsakiyar Janairu.

Hattara: tsakanin 24 da 26 ga Disamba kusan komai a rufe yake. Ranar 24 shaguna sukan rufe tun wajen ƙarfe biyu na rana. 1 da 6 ga Janairu ma hutu ne a jihar Bavariya, inda duk garuruwan da za mu zaga suke. Kada ka sa ranar saukarka a ɗaya daga cikinsu.

Wani abu kuma: kada ka yi wa yara alkawarin dusar ƙanƙara. A garuruwan da za mu je, sau da yawa hazo ne da yayyafi da sanyi mai shiga ƙashi. Dusar mai tabbas tana can gindin tsaunuka, wajen Garmisch-Partenkirchen, wannan kuwa tafiya ce daban.

2. Biza kafin komai

Bizar Schengen ake nema, wato wadda Jamus da ƙasashen Turai da yawa suka yi tarayya a kanta. Kuɗinta yuro 90 ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12. Ana iya shigar da takardu tun saura wata shida a tafi, kuma ni shawarata kada ka bari ya gaza wata uku, domin samun ranar ganawa ya fi cika fom wuya. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka baro Turai, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Inshorar lafiya dole ta kai ta yuro 30,000, kuma ta rufe dukan kwanakin. A Najeriya, Jamus tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas. Shafinsu ne zai gaya maka inda ake karɓar takardu a lokacin da kake nema, ba ɗan kamasho ba.

Hattara: kama ɗakin da ake iya sokewa ba tare da asara ba, kuma kada ka sayi tikitin jirgin ƙasa ko ɗaya kafin biza ta fito. Tsarin kwanakin da ke mataki na shida, rubuta shi a takarda guda ka haɗa da takardunka.

3. Masauki: Nürnberg, kusa da tasha

Me ya sa Nürnberg? Saboda layukan jirgi sun fita daga cikinta ta kowace kusurwa, kuma tsohon garin yana daura da tashar, titi kawai za ka tsallaka. Ba ta kai Munich tsada ba. Akwai Turkawa da Larabawa da yawa, don haka abinci da masallaci ba za su zame maka aiki ba.

Nemi ɗakin da bai wuce tafiyar minti goma da ƙafa ba daga babbar tasha. A rubuce za ka ga Hbf, taƙaitaccen Hauptbahnhof, ma'anarsa babbar tashar gari. Ɗakin da ke bayan gari zai fi araha da yuro ashirin, amma ranar da ka dawo ƙarfe bakwai na dare yatsunka sun ƙage, ka tsaya jiran bas, za ka gane cewa araha ba ta ado. Ɗaki matsakaici na mutum biyu yakan kama daga wajen yuro 80 zuwa sama. A ƙarshen mako na Disamba yana iya ninkawa.

Hattara: a ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu ana babban baje kolin kayan wasan yara a Nürnberg, a Fabrairu kuma akwai na kayan abinci. A waɗannan makonnin kuɗin ɗaki hawa yake kamar na Makka a goman ƙarshe. In ka ga farashi ya haukace babu dalili, matsar da kwanakinka da mako ɗaya.

4. Daga filin jirgin sama zuwa masauki

Lufthansa tana tashi kai tsaye daga Abuja da Legas zuwa Frankfurt, tashin dare, saukar asuba. Daga Kano sai an yada zango, ko a Alƙahira ko a Addis Ababa. Wanda ya bi ta Istanbul yana iya sauka a Nürnberg kanta, inda jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba U2 zai kai shi babbar tasha cikin minti goma sha biyu. Wani sauƙi: a hunturu agogon Jamus da na Najeriya da Nijar ɗaya ne, ba sai ka gyara komai ba.

Filin jirgin Frankfurt yana da tashar jirgin ƙasa biyu. Taka ita ce Fernbahnhof, ta masu dogon zango. Daga nan jirgin ICE yakan kai Nürnberg cikin kamar awa biyu da rabi.

Hattara: tikiti mai rahusa a ɗaure yake da jirgi ɗaya tak. Idan jirgin sama ya makara, ko layin shige da fice ya yi tsawo, tikitin ya ƙone. Ko dai ka bar tazarar awa uku bayan lokacin sauka, ko ka sayi Flexpreis wanda ake hawa kowane jirgi da shi a ranar, ko ka tambayi kamfanin jirgin samanka tikitin Rail&Fly, mai haɗa jirgin ƙasa da na sama, tun wajen sayen na sama.

5. Tikiti: nan ne kuɗi ke zubewa

Sauke manhajar DB Navigator tun kana gida, ka yi rajista, ka gwada katinka. Katin naira yakan ƙi aiki a waje ba tare da gargaɗi ba, saboda haka ka tanadi na dala ko yuro, da tsabar kuɗi. Injinan tasha suna karɓar tsaba, kuma ana iya juya su zuwa Turanci ko Faransanci.

Jiragen iri biyu ne. Farare masu dogon zango: ICE, IC, EC. Sai na yanki: RE, RB, da S. Duk tikitin rahusar da zan ambata a ƙasa na yanki ne kawai. Ka hau farin jirgi da shi, a wurin mai duba tikiti daidai kake da wanda bai biya ba, tarar kuma daga yuro 60 take farawa. A manhaja akwai wurin da za ka zaɓi jiragen yanki kaɗai. Kunna shi ka huta.

TagesTicket Plus na hukumar sufurin yankin Nürnberg, wadda ake kira VGN. Baƙi kaɗan ne suka san shi. Yana ɗaukar manya biyu da yara har huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, na dukan yankin bai kai yuro 30 ba, kuma Bamberg da Rothenburg duk suna ciki. Daɗinsa: in ka saye shi ranar Asabar, yana aiki har Lahadi. Kwana biyu a kuɗin ɗaya.

Bayern-Ticket na dukan jihar Bavariya ne, yini guda. Mutum na farko yuro talatin da 'yan kai, kowane ƙarin mutum yuro goma, har mutum biyar. Ana rubuta sunan kowa a jiki kafin a hau. Litinin zuwa Juma'a ba ya fara aiki sai ƙarfe tara na safe. Asabar da Lahadi tun tsakar dare. Jirgin da ya tashi tara saura minti biyu ba naka ba ne, komai kusancinsa da tara.

Sai Deutschlandticket, wanda kowa ke ba da labarinsa: yuro 63 a wata tun Janairun 2026, kowane jirgin yanki da bas a duk faɗin ƙasar. Gaskiya garaɓasa ce, amma ga mazauna aka yi shi. Rajista ce mai sabunta kanta duk wata, kuma a ƙa'ida sai ka soke kafin 10 ga wata, in ba haka ba a cire maka na watan gaba kana zaune a Zariya. Yana bin watan kalanda ne, ba kwana talatin ba: wanda ya zo 28 ga Disamba zai koma 3 ga Janairu, wata biyu zai biya. In kai kaɗai ne kuma za ka wuce mako, yi lissafinsa. Ga mutum biyu masu kwana biyar, ni ban ga abin da zai sa ku ɗauko wa kanku wannan ciwon kai ba.

6. Jera garuruwan

Alhamis: sauka, ajiye kaya, barci. Yawancin otal ba sa ba da ɗaki sai ƙarfe uku, amma za su riƙe maka jaka.

Juma'a: Nürnberg da ƙafa, babu tikiti. Bi titin Königstraße daga tasha, ka tsallaka kogin Pegnitz, ka ratsa Hauptmarkt inda kasuwar Kirsimeti take ci, ka haura tudu zuwa Kaiserburg, tsohuwar fadar da ke kallon garin duka. A hunturu ƙarfe huɗu take rufewa. Na sa wannan rana a nan ne da gangan saboda sallar Juma'a. Akwai masallatai a kudu da tasha, ciki har da babban masallacin Eyüp Sultan. In ruwa ya tsuge, gidan tarihin jiragen ƙasa yana kusa da tasha, kuma ya cancanta, tunda daga garin nan jirgin ƙasa na farko a Jamus ya tashi zuwa Fürth a 1835.

Asabar: Rothenburg ob der Tauber. Ita ce mai wuyar zuwa, ita ce kuma wadda za ka fi tunawa. Sauyi biyu ne, a Ansbach da Steinach, jimilla awa ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi. Fita tun bakwai da rabi cikin duhu, gari ya waye maka a hanya. Kafin goma da rabi lungunan naka ne kai kaɗai. Daga nan motocin 'yan yawon buɗe ido suke fara sauke mutane. Fara da Plönlein, mararrabar nan mai ɗan karkataccen gida da hasumiya biyu wadda ke kan kowane kati, ka ɗauki hotonka kafin a yi layi. Sannan ka hau ganuwa. Ana tafiya a kanta kyauta, ƙarƙashin rufin katako, kana leƙen rufin gidaje da hayaƙi na fita daga cikinsu. Wanda ya san Badala zai tsaya ya yi shiru na ɗan lokaci a nan, ganin yadda aka riƙe katanga da ƙofofi ba a bari an yanka su filoti ba.

Hattara: rubuta sunan garin cikakke, har da ob der Tauber. Akwai Rotenburg a kan kogin Fulda, akwai wata a kan Wümme can arewa. Ni kaina na taɓa kaiwa har wurin biya kafin na lura manhaja tana nuna mini tafiyar awa biyar. Sauyin Steinach kuma 'yan mintuna ne. Ka tsaya bakin ƙofa tun jirgi bai tsaya ba, domin in ya wuce ka, awa guda za ka yi a tashar da babu abin yi sai kaɗa haƙora.

Lahadi: Bamberg, da tikitin jiya. Minti arba'in zuwa arba'in da biyar, babu sauyi. Daga tasha zuwa tsohon gari tafiyar minti ashirin ce marar kyan gani, kada ka karaya. Tsohon zauren majalisar garin a tsakiyar kogin Regnitz aka gina shi, gada ta ratsa ta cikinsa. Daga nan ka leƙa jerin gidajen masunta a bakin ruwa, ka haura zuwa dandalin babbar majami'a. Shaguna a rufe suke ranar Lahadi a duk Jamus, amma gidajen abinci da gidajen tarihi a buɗe, ƴan shagunan cikin manyan tashoshi ma haka.

Litinin: Regensburg, da Bayern-Ticket, jirgin farko bayan tara. Awa ɗaya. Gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa Litinin, shi ya sa na ajiye ta nan: abin kallonta a waje yake, gadar dutse ta ƙarni na 12 a kan kogin Danube da lungunan da ke bayanta.

Talata: Würzburg, a hanyar komawa Frankfurt. Sa jaka a akwatin ajiya na tasha, ka je fadar Residenz, wadda ke rufewa huɗu da rabi a hunturu, sannan tsohuwar gada a kan kogin Main. In tikitin ICE za ka saya, sa zangon Würzburg a ciki tun wajen saye, ko ka sayi biyu daban. Ba a sauka a tsakiya a hau na gaba da tikiti mai rahusa.

In kwanakinka ba su kai ba, cire Regensburg. In sun ragu kuma, cire Würzburg. Kada ka haɗa gari biyu a yini ɗaya don cike giɓi. Taura biyu ba ta taunuwa.

7. A cikin tasha

Kalmomi biyar sun ishe ka. Gleis: lambar layin da jirgi zai tsaya. Verspätung: jinkiri. Fällt aus: an soke. Umsteigen: sauya jirgi. SEV ko Ersatzverkehr: ana gyaran layi, bas ce za ta ɗauke ku, kuma tafiyar za ta ƙara tsawo.

Sunan da Jamusawa suka yi na kiyaye lokaci, kada ka gina tsarinka a kansa. Jirage suna makara, ana kuma sauya Gleis saura minti uku. In ka ga mutanen da kuke tsaye tare sun juya gaba ɗaya sun nufi matakala, duba allo ka bi su. Duba manhaja da dare, ka sake dubawa da safe. A tsakiyar Disamba ake sauya jadawalin shekara, don haka lokutan da ka rubuta tun Oktoba suna iya motsawa.

Ƙofa ba ta buɗe kanta, sai ka danna maɓalli. Taragon da aka rubuta 1 a jikinsa na masu babban tikiti ne. Wasu jiragen yanki sukan rabu biyu a hanya, gaba ya nufi wani gari, baya wani. Karanta sunan da ke jikin taragon da ka shiga, ba na kan jirgin kaɗai ba. Idan kana da tikitin ICE mai rahusa kuma aka ga za ka isa a makare da minti 20 ko fiye, ɗaurin ya warware, kana iya hawa wani. Jinkirin awa ɗaya ana mayar da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin, na awa biyu rabi.

Kada ka dogara da jirgin ƙarshe. Nufi wanda ke tashi tsakanin biyar da shida: ka ga fitilun gari sun kunnu, kuma akwai wasu a bayansa in wani abu ya faru.

8. Kayan sawa da abin da ba a shiga da shi

Sanyin Jos ko na Damagaram a Janairu ba ma'auni ba ne. A nan ma'aunin zafi yana yawo ne kusa da sifili, ga danshi. Sirrin shi ne hawa-hawa: matsattsiyar riga da wando na ciki masu riƙe ɗumi, suwaita, sannan babbar rigar sanyi mai tare iska da ruwa. Cikin jirgi da shago da ɗumi sosai, dole ka iya cirewa. Safar hannu, hula mai rufe kunne, abin naɗe wuya. Takalmi shi ne abin da mutanenmu suka fi yin sake da shi: titunan tsofaffin garuruwa duwatsu ne, in sun jiƙe santsi suke kamar kuɓewa. Nemi mai kaurin ƙasa wanda ruwa ba ya shiga. Mata masu abaya ko doguwar riga, a sa wando mai kauri a ciki, kuma kada tsawon ya kai ƙasa.

Man kaɗanya ko basilin don leɓe da hannu. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne. Ɗan Nijar ya huta, ɗan Najeriya ya sayi adafta. Ƙaramar gora ta maye buta, don ba za ka samu a banɗaki ba. Banɗakin tasha ma da kuɗi ne, wajen yuro ɗaya, ka riƙe sulalla.

Hattara: an hana shiga Tarayyar Turai da nama ko kayan madara. Kilishi, dambun nama, man shanu, duk a bar su gida ko da tsarabar ɗa ce. Tsabar kuɗi kuma in ta kai yuro 10,000 dole a bayyana ta a kwastan.

9. Ci da sallah

Yankin nan ƙasar naman alade ce, ba ɓoyewa. Ƙananan tsiran Nürnberg da ake sa uku a cikin burodi, da na gidan da ke bakin gadar Regensburg, duk alade ne. Kalmomin gudu: Schwein, Speck, Schinken, da Schmalz, wato kitse, sai dai in an rubuta Butterschmalz wanda na shanu ne. Glühwein da kowa ke riƙe da kofinsa a kasuwa giya ce mai zafi. Wanda babu giya shi ne Kinderpunsch, kuma yana ɗumama hannu daidai da wancan. Za a caje ka ƙarin 'yan yuro na jinginar kofi, a mayar maka in ka dawo da shi. Dunƙulen fulawar Rothenburg da ake kira Schneeball, wasu sukan ɗiga barasa a kwaɓinsa, ka tambaya. Soyayyen dankali, gasasshen almon mai sukari, kifi, da shagon döner (irin shawarma) na Turkawa da ke kusa da kowace tasha a kan yuro bakwai zuwa tara, su ne za su riƙe ka. Ruwan famfo ana sha. Na kwalba, nemi mai rubutun still, in ba haka ba mai gas za ka kwaso.

A Disamba lokutan sallah a matse suke: azahar wajen sha biyu da kwata, la'asar wajen biyu, magariba kafin huɗu da rabi. Uku ke nan a cikin awa huɗu, kuma daidai lokacin da kake tsakiyar yawo. Yi alwala kafin ka bar ɗaki, ɗauki siririyar darduma mai naɗewa, ka duba inda masallaci yake a garin tun da dare. Hukuncin ƙasaru da jam'i kuwa, ka tambayi malaminka tun kafin ka taso, ba a kan gadar Bamberg ba.

10. Lissafi da komawa

Ga mutum biyu, ban da jirgin sama da biza: kwana biyar a Nürnberg yuro 450 zuwa 700 gwargwadon lokaci, jiragen yanki duka ƙasa da yuro 100, ICE zuwa da dawowa daga wajen yuro 80 in an saya da wuri, ya ninka ko fiye in Flexpreis ne, abinci yuro 50 zuwa 70 a yini, kuɗin shiga fada da gidan tarihi wajen yuro goma kowane mutum. Ƙara yuro 150 na ko-ta-kwana, rabinsa tsaba, domin rumfunan kasuwa da ƙananan shaguna da yawa ba sa karɓar kati.

Idan jirginka na komawa na safe ne, daren Talata a Frankfurt za ka kwana, ba a Würzburg ba, balle Nürnberg. Daga babbar tashar Frankfurt zuwa filin jirgi kwata ɗaya ne a S8 ko S9. Bayern-Ticket ba ya kaiwa can, don Frankfurt a jihar Hessen take. Sayi tikitin wannan guntun daban a inji kafin ka sauka ƙasa wurin hawa.